Ƙwallo na Uku

Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti aka hana hayaƙi da turare shiga ɗakinsa. Wannan dokar likita ce, kowa ya ji ta da kunnensa. Amma akwai wani abin da ya daina shiga ɗakin ba tare da an ji wanda ya hana ba, wato maganar auren Auta da Bahago. Duk wanda ya ɗauko ta, sai Baba ya lumshe ido ya juya fuska bango, kamar wanda barci ya sace.

Abin da ke ci wa Auta rai shi ne, ba haka aka faro ba.

Baba mai fentin mota ne, garejinsa na can ƙarshen layinsu, inda kwalta ta ƙare. A nan Bahago ya tashi tun yana ɗan yaro mai goge jikin mota da samfefa, har ya zama hannun daman maigidansa, duk da cewa da hagu yake riƙe bindigar feshi, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Auta ta buɗi ido tana kiransa Yaya, ba ta san ranar da kalmar ta sauya ɗanɗano a bakinta ba. Baba da kansa, a gaban Umma, ya ce ya ba shi ita. Ana cikin shirin sa rana tari ya kwantar da shi. Likitoci suka ce feshin da ya yi shekara da shekaru yana shaƙa ya ci masa huhun dama, suka buɗe shi ta gefen haƙarƙari suka yanke wajen da ya lalace.

Baba ya dawo gida da rabin numfashi, alƙawarin kuwa bai biyo shi ba.

Auta ce ta ajiye karatunta ta rungumi jinya. Nas ɗin da ta sallame su, wata doguwar mata mai magana kamar ta ari baki, ta ja ta gefe ta koya mata komai: yadda za ta wanke hannu kafin ta taɓa bandeji, yadda za ta duba ɗinki ko ya yi ja ko yana tsatsafo da ruwa, yadda za ta jera masa matasai a baya don kada ya kwanta shame-shame. Ta kuma damƙa mata wata 'yar roba mai tiyo, da ƙwallaye uku a ciki, kowanne a ɗakinsa. Ba hurawa ake yi ba, zuƙa ake yi a hankali har ƙwallayen su tashi sama, da haka huhun da ya rage yake buɗewa.

"Tausayi ne zai kashe muku shi," in ji nas ɗin. "In kuka bar shi kwance don yana jin ciwo, majina ta taru a ƙirjinsa, sai kun dawo mana da shi. Ki sa shi tari ko yana zaginki."

Baba bai taɓa zaginta ba. Da ma ya zage ta, da ya fi mata sauƙi. Safe da yamma sai ta zaunar da shi a bakin gado, ta ba shi matashi ya rungume a kan ɗinkin, ta dafa bayansa ta ce bismilla. Ya ja numfashi ya yi tari, gumi ya karyo masa, jijiyoyin wuyansa su miƙe, idanunsa su cicciko. In ya sarara sai ya dube ta ya ce, "Sannu, Uwata," don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shi ke shan azabar, shi ke yi mata sannu.

Umma kuwa ba ta iya tsayawa. Da zarar ta ga an ɗauko matashin sai ta tuna ta bar ruwa a kan wuta.

Ɗaga shi da zagayawa da shi sai namiji mai ƙarfi, Baba kuma bai haifi namiji ba, yayyen Auta duk suna gidajen mazajensu a nesa. Don haka in rana ta yi tsaka Bahago yakan kashe inji ya zo. Ba ya wuce famfon tsakar gida da kayan aiki a jikinsa. A nan zai tuɓe rigar aiki ya cusa a leda, ya wanke kai da wuya da hannuwa har gwiwa, ya sake, ya kuma sakewa, sannan ya sa farar rigar da Auta take wanke masa ta rataye a ƙusa. Ƙarƙashin farcensa ne dai ba ya fita. Ta nan take sanin launin motar da yake kai.

"Yau shuɗiya ce," ta ce wata rana tana miƙa masa tawul, ba ta kalli fuskarsa ba.

"Ta wani direba ce. Ya ce in mayar masa da ita amarya."

Kalmar na fita daga bakinsa duka biyun suka sunkuyar da kai. Iyakar hirarsu ke nan yanzu, su da a da sai an kira sunan Auta sau da yawa kafin ta baro ƙofar gida.

Zai durƙusa ya gai da maigidansa, ya tallafe shi ta ɓangaren da ba a yanka ba, ya miƙar da shi a hankali. Bahago dogo ne, Baba kuwa ciwo ya ranƙwafar da shi, kansa bai wuce ƙirjin yaron ba. Haka suke takawa daga bakin ɗaki zuwa ƙofar gida, Auta na biye da kujera ko da zai gaji.

"Kai, riƙe ni kamar mutum, ni ba ƙofar mota ba ne."

"Ai ƙofar mota ta fi ka nauyi yanzu, Maigida. Sai ka dage da cin abinci."

"Ji ɗan banza. Bari in warke ka gani."

A irin wannan lokaci sai zuciyar Auta ta yi sanyi, ta ce a ranta ai babu abin da ya canza. Mutumin da ke tsokanar yaro haka ba zai hana shi 'yarsa ba.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta fara nuna mata ruwa ba ya tsami banza. Kusan kullum sai ta zo tare da ɗanta, wanda kowa ke kira Mai Kemis saboda babban shagon maganinsa na bakin titi. Zuwansa na farko ya shigo cikin ƙamshi kamar an yi ɓarin kwalbar turare, kafin ya gama gaisuwa tari ya sarƙe Baba har idonsa ya yi ja. Gwaggo ta ce warin fentin wancan yaron ne ya kama labule. Shi dai Mai Kemis ya gane, kunya ta rufe shi, ya fita da baya yana ba da haƙuri, tun daga ranar ko ƙamshin sabulu bai ƙara zuwa da shi ba. Auduga da bandeji da maganin kashe zafi duk shi ke kawowa, ya ajiye a kan tebur ya fita bai jira godiya ba. Da mugu ne da Auta ta ji daɗin ƙinsa. To ba mugu ba ne. Mutum ne mai sanyin hali da ya daɗe yana sonta, ya kuma san ba shi take so ba.

Gwaggo ce ba ta san shiru ba. A gaban Auta take cewa ita dai ɗanta a inuwa yake wuni, fanka na kaɗa shi, babu abin da yake shaƙa sai lafiya, gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah. Auta takan duƙar da kai ta ci gaba da ninke tawul, tana jira Umma ta tare mata kamar yadda ta saba. Umma sai ta miƙe ta shige kicin.

Ranar da abin ya fashe, da daɗi ta faro. Da safe Baba ya ɗaga ƙwallo na biyu a karon farko, ya riƙe shi a sama, har Auta ta tafa hannu kamar ƙaramar yarinya. Da Bahago ya zo suka taka har waje, Baba ya ga titi, maƙwabta suka yi ta yi masa barka. Ganin fuskarsa a sake ne ya sa Bahago ya yi ƙundumbala. Bayan ya zaunar da shi ya gyara masa matasai, bai miƙe ba, sai ya zube a gaban gadon. Gwaggo na kan kujera, Umma na bakin ƙofa, Auta na tsaye da kofin ruwa.

Ya ce shi ba gaggawa yake yi ba, ya san ba lokacin biki ba ne. Kalma ɗaya yake roƙo, ya ji ko kyautar da aka yi masa tana nan, don ya ga kamar iskar gidan ta juya, har barci ya ƙaurace masa.

Wannan karon Baba bai juya bango ba. Ya ƙura wa yaron ido.

"Uwata, ɗauki robar nan ki wanke bakinta da ruwan zafi, ki kawo masa."

Auta ta yi yadda aka ce. Bahago ya karɓa yana murmushi, ya ce ai wannan wasan yara ne, shi da ke ciccibar ƙofar babbar mota shi kaɗai.

"To ɗaga mini ukun nan. Ka ɗaga su ka riƙe, na ba ka ita yau a gaban 'yar'uwata."

Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

Bahago ya fitar da iska, ya kama tiyon da leɓɓansa, ya zuƙa. Ƙwallo na farko ya tashi tsaf. Na biyu ya bi shi. Na uku ya motsa, ya yi rawa a gindinsa kamar zai tashi. Auta ta ji ita ma ta daina numfashi, tana ɗaga shi da idanunta, tana ɗaga shi da duk addu'ar da ta sani.

Sai tari ya ƙwace masa.

Busasshen tari ne mai fitowa daga can ciki, kamar ana jan zarto a kan katako. Ƙwallayen suka zubo ƙasa. Ya yi dariyar yaƙe ya ce yawu ne ya sarƙe shi, ya sake gwadawa. Na ukun ko motsi bai yi ba. Ya kuma gwadawa, na biyun ma da ƙyar ya kai rabi.

Auta ta san wannan tarin. Shi ta riƙa jiyowa daga ɗakin Baba shekarun baya, lokacin da kowa ke cewa sanyi ne, zai wuce.

"Ni da aka yanke wa huhu ina ɗaga biyu," in ji Baba, yana magana yana hutawa. "Kai da naka suke cikakku, biyu. Ka ɗauka ban sani ba? Kullum ka ɗaga ni, kunnena a kan ƙirjinka yake. Kana sauraron numfashina, ina sauraron naka."

"Wallahi ƙalau nake, Maigida. Ban taɓa tashi daga feshi ban sha madara ba, kamar yadda ka koya mini."

"Ni ma na sha, ɗana. Da madara na wanke ƙirji da ba a yanka ni ba."

Baba ya ce ba don ƙi ya riƙe maganar ba, ko ɗan cikinsa ba zai fi Bahago a wurinsa ba. Amma ba zai ɗauki 'yarsa daga bakin wannan gadon ya kai ta bakin wani irinsa ba. Ya ajiye bindigar feshi har abada, ya je likita ya duba shi, ya nemi wata sana'a, sai a ɗaura auren. In kuwa fenti ya zaɓa, to ya bar masa 'yarsa.

Bahago ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"In na ajiye, wa zai riƙe garejin? Da shi ake hura wuta a gidan nan. Yaran da ke wurin ko haɗa kala ba su iya ba. Ina can ina koyon wata sana'a, ku ci me? In bar ka da yunwa don in auri 'yarka?"

Baba ya runtse ido. Gwaggo ce ta amsa, da wata murya mai taushi da ta fi faɗanta ciwo. Ta ce ɗanta na iya ɗaukar gidan nan kacokan, ci da sha da magani, ko a jikinsa. Sai dai kowa ya sani, hidimar ɗan 'yar'uwa tana da iyaka, ta suruki ce ba ta da shi.

Bahago ya ajiye robar a gefen gado kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. A tsakar gida ya cire farar rigar, maimakon ya rataye ta a ƙusa sai ya ninke ta ya ɗora a kan bokiti, ya mayar da ta aikinsa ya fita. Bai waiwayo ba.

Auta ta ɗauki robar ta shige kicin, wai za ta sake wanke ta. Ta buɗe ruwa don kada a ji kukanta. Ba ta san Umma ta shigo ba sai da aka rufe famfon.

Ta faɗa jikin uwarta.

"Umma, ki yi masa magana, ke kaɗai yake ji. Gwaggo ce ta zuga shi, na sani. Baba ba zai yi mini haka ba."

Umma ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa mata baya. Sannan ta ce, "Ba Gwaggonki ba ce. Ni ce."

Auta ta janye jikinta a hankali, tana kallon fuskar da ta fi kowace fuska sani a duniya kamar yau ta fara ganinta.

"Ni na roƙe shi, tun muna asibiti. Ya ƙi, ya ce shi ba ya magana biyu. Na yi ta yi masa kuka har ya ce to bari ya saurari ƙirjin yaron tukuna, in lafiya lau yake babu mai hana shi. Kin dai ga abin da ya ji."

"Ke da kike cewa Bahago ɗanki ne?"

"Har gobe ɗana ne. Ke kuma 'yata ce." Umma ta zauna a kan 'yar kujera. "Kin ga jinyar bayan tiyata, kin iya ta, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ki ga ta gabanta ba. Ba ki san mace ta kwanta kusa da mijinta tana bin numfashinsa ba, in ya yi jinkiri ta taɓa shi ta ji ko da sauran ɗumi. Ba ki wanke hankici mai jini kin ɓoye wa 'ya'yanki ba. Ranar da suka tura shi ɗakin tiyata kina ta kai da kawo, ni ina tsaye da takalmansa a hannu, ban san ko zai sake sa su ba. Da suka fito da shi, tiyo a haƙarƙari, kwalba a ƙasan gado tana karɓar ruwa da jini, na dubi kwalbar na dube ki, na ga yaron nan tsaye a bayanki da fenti a farce. Na ce ya Allah, ba dai ita ma ba."

Ta share ido da bayan hannu.

"Kina ganin ina gudu in an ɗauko matashi, kin ɗauka ba ni da ƙarfin hali. Ƙarfin halin ne ya ƙare, Auta. Na cinye shi tun kafin ki san ana yi."

"Umma, in tambaye ki, don Allah kada ki ɓoye mini. Da an nuna miki kwalbar nan tun kina budurwa, aka ce ga abin da ke jiranki, da kin fasa auren Baba?"

Umma ta murza bakin zanenta.

"Da ban fasa ba," ta ce. "Shi ya sa nake so a fasa miki. Mai so ba ya fasawa da kansa."

Ba ta yi mata dole ba. Ta ce ba za ta yi mata baki ba, ba za ta kuma kai ta gidan da ba ta so ba. Roƙo ne kawai na uwa, ita da ba ta taɓa roƙonta komai ba. Auta ta ji da ma dolen aka yi mata, da ta sami abin da za ta yi wa gardama.

A daidai nan, daga ƙarshen layi, injin iskan gareji ya tashi. Dukansu sun san muryarsa, da ita Auta ta girma. A da in ta ji shi daɗi take ji, alama ce Bahago na kusa. Yau ji ta yi kamar a cikin ƙirjinta ake fesawa. Mutumin da ya kasa ɗaga ƙwallon roba ɗazu ya koma cikin abin da ya hana shi.

Ta ja mayafinta. Umma ba ta hana ta ba, ta dai ce kada ta daɗe, lokacin tarin Baba na yamma ya kusa.

Garejin rumfar kwano ce mai ƙofar ƙarfe, an toshe tagoginta da leda don kada ƙura ta ɓata aiki. Tun daga baki warin fenti da na tinar da ake sirka shi da ita ya daki hancinta har idonta ya kawo ruwa. A ciki ga mota an lulluɓe gilasanta da tsofaffin jaridu, rabinta ja rabinta ruwan toka, Bahago na zagaya ta cikin wani jan hazo, ɗan tsumma ɗaure a hancinsa, tsumman ma ya rine. A kan benci ga gwangwanin madara an huda, yana jiransa.

Auta ta san inda makunnin yake. Ta kai hannu ta kashe.

Bahago ya juyo a fusace, da ya ga ita ce sai hannunsa ya sauka. Ya ce ta fita maza, iskar nan ba ta da kyau.

"Ba ta da kyau gare ni, ta yi kyau gare ka?"

Suka tsaya a bakin ƙofa, cikin inuwar yamma. Ya ce ta bar shi ya ƙarasa, in fentin ya sha iska rabi da rabi sai an kankare an sake. Ta ce ya lalace. Ya ce mai motar gobe zai zo. Ta ce ya zo.

"Tun yaushe kake tarin nan, Yaya?"

Ya kau da kai. "Tun kafin Maigida ya kwanta. Ba kullum ba ne. Da safe ne, sai kuma in na ɗaga abu mai nauyi."

"Kullum kana ɗaga Baba."

"Shi ai ba shi da nauyi."

Ta roƙe shi ya je asibiti, ya ajiye bindigar nan. Ya ce ta yi tunani mana. Maraya aka kawo shi wurin nan ko takalmi ba shi da shi, mahaifinta ya ciyar da shi, ya ba shi sana'a, ya kira shi ɗa. Yau mutumin na kwance, sai ya rufe masa gareji ya tafi neman lafiyar kansa? Ko ba za a ba shi ita ba, ba zai bar gidan da yunwa ba, zai yi ta fesawa har Maigida ya miƙe.

"Ba zai sake riƙe bindiga ba, kai ma ka sani."

"To har abin da Allah ya yi."

A nan Auta ta ga abin gaba ɗayansa, kamar an yaye labule. Muddin gidansu na ci daga garejin nan, Bahago ba zai fita daga cikinsa ba sai an ɗauke shi ranga-ranga. Hanya ɗaya ce gidan zai daina buƙatar garejin, Gwaggo kuma ta riga ta faɗe ta ɗazu.

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta dube shi sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba.

"Zan amsa wa Gwaggo."

Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya dafa ƙofa.

"In na amsa, ɗanta zai ɗauki gidan. Baba ba zai rasa magani ba, Umma ba za ta rasa cefane ba. Babu sauran wanda za ka ce kana mutuwa dominsa. Sai ka rufe wurin nan ka je a duba ka tun da sauran gyara."

"Auta, kin san abin da kike faɗa? Maigida cewa ya yi in bar fenti a ba ni ke. Ke kuma kin ce in bar fenti in rasa ki. To me na samu?"

"Numfashi."

"In yi me da shi?"

"Ka ja, ka sauke. Ina wani gida ina sanin kana ja kana saukewa, ya ishe ni." Ta matso kusa da shi. "Na iya jinya, Yaya. Wallahi da kai ne a gadon can da ban gaji ba, ko shekara nawa ne. Ba jinyar nake tsoro ba, abin da ke bayanta nake tsoro. Gara in gan ka a titi ka ɗauke kai, da in tsaya riƙe da takalmanka a ƙofar ɗakin tiyata."

Bahago, wanda ba ta taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da ƙarfe ya datse masa yatsa, ya tsuguna ya rufe fuska da hannuwansa masu jan fenti. Ya ce ta zalunce shi. Ya ce ta zalunci kanta, ta kuma zalunci bawan Allahn da za ta aura da wani a zuciyarta. Ta ce ta sani, za ta gaya wa Mai Kemis gaskiya tun kafin a yi nisa, in ya karɓe ta a haka za ta riƙe shi da amana. Ya ce in shi ya ƙi fa? In ya tashi yanzu ya kunna injin?

"In ka kunna, na san ka ƙi. Ba zan amsa wa kowa ba, zan zauna a ɗakin Baba ina jiyo ka daga nan kana ƙarewa, har ranar da za a zo a gaya mini. In kuma ban ji shi ba har na kai gida, na san ka yarda."

Ta juya ta kama hanyar gida.

Layin nasu ba shi da tsawo, amma ba ta taɓa ganin gajartarsa kamar yau ba. Ta wuce mai gyaran takalmi, ta wuce shagon tela, ana gaishe ta tana amsawa ba ta san me take cewa ba. Duk jikinta ya zama kunne. Rabin zuciyarta na roƙon Allah kada injin ya tashi. Ɗaya rabin, wanda ta kasa tsawatarwa, sai kira yake yi: kunna, Yaya, kunna, ka ce ba ka yarda ba.

Ta rage tafiya. Ta tsaya ta gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Ta ƙara ragewa.

A ƙofar gida ta dafa ƙyaure ta tsaya, ta ba shi lokaci, ta kuma ƙara masa wani. Tana jin hayaniyar yara, tana jin rediyon maƙwabta, tana jin muryar Gwaggo a ciki tana tambayar ina yarinyar nan ta shiga.

Daga ƙarshen layi injin bai tashi ba. Sai ƙarar ƙofar ƙarfe ana jan ta a hankali, har ta rufe.

Auta ta zame ta zauna a dokin ƙofa, ta cusa mayafi a bakinta don kada Baba ya ji. Tun tana yarinya Bahago bai taɓa ƙin abin da ta roƙe shi ba. Yau ma bai ƙi ba.